Dutse a tsakiyar fuloti: a fasa shi ko a zagaye shi da gini?

Baban_Ilham
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin gini da waɗanda suka riga mu yi ina neman shawara. Allah ya hore min fuloti a wajen Lamingo, ɓangaren da ke kallon duwatsun Shere, to matsalar ita ce akwai wani ƙaton dutse zaune kusan a tsakiyar filin, tsayinsa ya fi mutum, ga kuma wata tsohuwar ɗorawa a gefensa. Birkilan da na kai ya ce ba wata doguwar magana, a kira masu fasa dutse su tarwatsa shi a sare bishiyar a baje wurin, har ma mu samu dutsen fandisho kyauta. Ita kuma 'yar yayana da ke karatun zanen gini a jami'ar Jos ta ce wallahi kawu in ka fasa dutsen nan ka zubar da abin da ya fi komai daraja a filin, wai a zana gidan ya zagaye shi ya zama shi ne tsakar gida. Ni dai kuɗina ba yawa gare su ba kuma gidan da zan tsufa a ciki ne in Allah ya yarda. Wanne za a bi?

Dan_Gangare
Wa alaikumus salam. Alhaji fasa abinka kawai. Su 'yan makaranta a takarda suke gini, kai kuma daga aljihunka za ta fita.

Maman_Haidar
Ni tambayata ɗaya, macizai da kunamu fa? Dutse a tsakar gida ga yara ƙanana, hmm. Ni kam ba zan iya barci ba.

Injiniya_Bukuru
Alhaji kafin ma a zo maganar kyau ko rashin kyau, sai ka san wane irin dutse ne tukuna. Duwatsun Jos kashi biyu ne a wajen mai gini. Akwai wanda yake zaune ne kawai a kan ƙasa, ƙwallo ne guda, akwai kuma wanda kan da ka gani tsiro ne, asalin jikinsa ya shimfiɗu a ƙarƙashin filin gaba ɗaya. Ka sa leburori su haƙa rami a gindinsa ta gefe biyu ko uku za ka gane. In mai shimfiɗa ne to ko ka fasa na sama ba ka rabu da shi ba, za ka sake haɗuwa da shi wajen haƙa fandisho da sokawe da rijiya.

Sannan abin da birkilanka bai gaya maka ba, fasa dutse ba kyauta ba ne. In da nakiya za a yi sai da izini, kuma in akwai gidaje kusa bangon maƙwabci na iya tsagewa ka shiga biyan abin da ba ka shirya ba. In da hannu ne, irin wanda ake ƙona taya a kai a kwara ruwa a bi da guduma, yana cin lokaci sosai. Akwai kuma wani sinadari da ake huda dutsen a ɗura a bar shi ya kumbura ya tsaga shi ba ƙara, shi ma da tsadarsa.

Babban kuskuren da nake gani a garin nan shi ne a ɗora rabin fandisho a kan dutse rabi a kan ƙasa. Ƙasa tana zama a hankali, dutse ba ya motsi, bayan damina biyu uku sai ka ga tsaga ta taso daga ƙasa har linta. Ko dai ginin ya hau dutsen gaba ɗaya ko ya ba shi tazara.

Baban_Ilham
Injiniya Allah ya saka da alheri, wannan maganar ramin ba wanda ya taɓa gaya min.

Ngo_Kachollom
Sannunku. Ni abin dariya yake ba ni in na ji ana tsoron dutse a Filato. Kakanninmu a tsakanin duwatsu suka zauna, ɗaki a nan rumbu a can a kan fa, ko ina ka juya dutse ne, a kewaye gida da shingen ƙyarana ko akuya ba ta ratsawa. A kan fa ake shanya acca, a kan fa ake zama da yamma saboda yana riƙe ɗumin rana. Maman_Haidar maciji ba dutse kawai yake bi ba, har ciyawa da ɓera da tarin shara yake bi. Ki toshe ramukan gindin da siminti, ki share wurin kullum, ki ajiye kaji, shi ke nan.

Amma Alhaji maganar ɗorawa, ka koma wajen waɗanda suka sayar maka ka tambaya da kyau. A wurare da yawa ana sayar da ƙasa amma bishiya mai amfani tana nan ta iyalin masu gona, lokacin kalwa za ka ga mata sun zo da gora. Gara a yi maganar yanzu a rubuta, ko za ka sare ko za ka bari.

Maman_Haidar
Ngo na ji, amma kaji a gidan zamani kuma? 😂

Ngo_Kachollom
'Yata har a Rayfield ana kiwon kaji, bayan gida suke ɓoye su.

Sadiya_Mai_Zane
Gaisuwa daga Abuja. Ina bayan 'yar yayanka Alhaji amma da sharaɗi, kar a ɗauko zanen da aka riga aka yi wa wani fili a zo a matsa shi a naka. Abin da ke kashe mu ke nan. Mutum zai ga gida a Instagram ya turo ya ce irin wannan nake so, bai damu ina rana ke fitowa a filinsa ba, ina iska ke bi, ina ruwa ke gangarawa. Ku zo Guzape da Katampe ku gani, tsauni ne mai kyau Allah ya yi, a kawo katafila a yanke shi a baje, a yi bango mai tsayin bene biyu don tare ƙasa, sannan a dasa gida mai gilashi tun daga ƙasa har sama yana kallon yamma. Daga azahar falon ba ya zaunuwa sai an kunna iyakwandishan, in an ɗauke wuta sai janareta. An sayi zafi da kuɗi ana kuma korarsa da kuɗi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Dogayen ɓangarorin gida su kalli arewa da kudu, gabas da yamma a rage tagogi ko a sa baranda ko bishiya ta tare. Kowane ɗaki ya samu taga ta ɓangare biyu iska ta ratsa. Rufi ya fito sosai ya kare bango. Amma Jos ba Abuja ba ce, ku kuna sama da mita 1,200, matsalarku ta fi karkata ga sanyin Disamba da Janairu da ruwa mai zuwa da iska, don haka ɗakunan kwana su samu ranar safe, ɓangaren arewa maso gabas inda hunturu ke bugowa a sa sito ko banɗaki ko gareji. In dutsen ya faɗo ta wannan ɓangaren ma ai ka samu katanga kyauta.

Dan_Gangare
Hajiya Sadiya duk wannan bayanin nawa ne kuɗin zanen? Don nan ne ake yin ta.

Sadiya_Mai_Zane
Bai kai kuɗin tayil ɗin falo ba Malam, kuma shi ake fara yankewa in za a rage kashe kuɗi.

Dillali_Rayfield
Bari in faɗi abin da ba a so. Ranar da za ka sayar, mai saye fili shimfiɗaɗɗe yake nema, inda mota huɗu za su tsaya, an shafe ko ina da intalok. Na sha kai mutane gida mai bishiyoyi, tambayar farko ita ce nawa za a kashe a sare su. Ban ce daidai ba ne, kasuwa ce haka.

Abu_Tudunwada
Dillali ai ku ne kuka cinye tsofaffin gidajen turawan kuza. Duk wanda ya tashi a Jos ya san su, na Rayfield da Anglo Jos da cikin GRA, gindin gini na dutse, baranda mai faɗi ta zagaye, silin can sama, murhu a falo da bututun hayaƙi, fili cike da bishiyoyin turare da mangwaro. Yanzu a sayi guda a rushe a yanka filin gida shida, kowanne da katanga kamar gidan yari, ba ko ganye ɗaya. Ba wai ina kewar mulkin mallaka ba ne, su ma sun bar mana ramukan kuza cike da ruwa suna cin yara har yau, amma gidajen an yi su ne daidai da yanayin garin. Kawuna ya zauna a irinsu a Bukuru, da rana sanyi ƙalau, da dare a hura itace a murhu kowa ya taru a falo.

Dillali_Rayfield
Abu ni dillali ne ba ni ke rushewa ba. Magada ne ke son a raba musu kuɗi, su goma sha a gida ɗaya ya za a yi?

Malam_Tanko_Magini
Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta min. Ni magini ne na gado daga Zariya, na zauna Jos shekaru masu yawa. Ina jin kuna ta maganar turawa, to mu ma muna da namu. Ginin tubali da aka yi shi da kyau, a kwaɓa birji da ciyawa a bar shi ya ruɓa kwanaki ana takawa, bango ya yi kauri a ƙasa yana sirancewa a sama, a rufa da azara, a shafe da makuba, wannan ɗakin da rana sanyi da dare ɗumi. Ita makubar ma daga ɓawon ɗorawa ake yinta, irin wadda Alhaji ke shawarar sarewa. Amma gaskiya ɗaya, soron ƙasa irin na Kano da Zariya bai son ruwan Jos. Nan ruwa na farawa tun Afrilu har Oktoba, wata ran da ƙanƙara. In za ka yi ginin ƙasa a nan sai ka ɗaga gindinsa da dutse, ka sa kwano mai fitowa sosai. Wanda ke son ya ga aikin iyayenmu ya je bayan gidan tarihi kusa da gidan zu, ya ga masallacin Zariya da aka kwaikwaya da ganuwar Kano, ya ɗaga kai ya kalli bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke riƙe da rufin, ba rodi ko ɗaya.

Dan_Gangare
Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan wurin ai turawan mulkin mallaka ne suka gina shi ko? Mun je muna firamare.

Abu_Tudunwada
A'a Dan_Gangare ka haɗa biyu. Shi gidan tarihin ne na zamanin turawa, 1952 aka buɗe shi, Bernard Fagg ne ya kafa. Wurin gine-ginen gargajiyar kuma bayan samun 'yanci ne, a shekarun 1970, wani masanin gini ɗan ƙasar Foland mai suna Dmochowski ya jagoranta bayan ya zagaya ƙasar nan yana auna tsofaffin gine-gine, kuma maginan gargajiya aka kawo suka yi aikin da hannunsu. Shi asalin masallacin na Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi tun ƙarni na 19. Abin takaici ginin ƙasa kullum yana son yaɓe, in aka bar shi damina kaɗan sai ya fara zubewa, wanda ya je kwanan nan zai gaya maka.

Malam_Tanko_Magini
Haka ne ɗana. Da can kowace kaka ana yaɓe, aikin gayya ne. Yanzu wa zai zo maka gayya.

Ummi_Arch
Ina wuninku iyayena, ni ce 'yar yayan da ake magana 🙈 kawu ne ya sa ni a gurup ɗin. Ni ba cewa na yi a yi ginin tubali irin na da ba. Akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ba ya son filasta ba ya son fenti. A Nijar Mariam Kamara ta yi gidajen zama da shi a Yamai, masu bene ma, ta kuma yi sabon masallaci a Dandaji aka mayar da tsohon ɗakin karatu maimakon a rushe shi. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando ya fara, bangon ƙasa da rufin kwano da aka ɗaga sama iska na wucewa ta ƙarƙashi, a 2022 ya ci Pritzker, kyautar da ta fi kowacce girma a harkar zanen gini. Mu kuma nan in ka ce ƙasa sai a ce talauci.

Abin da na zana wa kawu shi ne zaure a gaba da falon baƙi, sai a shiga tsakar gida dutsen na gefe guda, ɗakuna su yi masa kamar harafin L, kicin ya buɗe ta wajen inuwar ɗorawa. Mata na ciki ba mai ganinsu daga waje, ba sai an rufe ko ina da labule ba.

Dan_Gangare
To ga mai zanen da kanta. Ummi tambaya, shi wannan bulon naku a Jos wa ya iya ɗora shi? Don na ga inda aka yi, birkila ya saba da bulon siminti yana ɓoye karkata da filasta, aka ba shi wanda ba filasta, layin ya fito kamar tafiyar maciji. Ƙarshe sai da aka shafe shi da siminti, an yi biyu babu.

Injiniya_Bukuru
Dan_Gangare nan kam ka faɗi gaskiya. Bulon yana da kyau amma yana son a gwada ƙasar tukuna, in yumɓu ya yi yawa zai tsage, in yashi ya yi yawa zai marmashe, kuma yana son mai hannu. Sauƙin kuɗin ma ba kamar yadda ake zuzutawa ba ne in gida ɗaya tal za ka yi, don hayar inji da kwanakin da bulon zai yi a rufe ana ba shi ruwa. Amma tun da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a 2024 mutane suka fara tambaya. Wani abu kuma tunda an ambaci kuza, a kula da yashin da ake kwasowa daga tsofaffin wuraren wankin kuza, bincike ya nuna wasu na ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin da ke da illa, kar a ga araha a zuba a ɗakin kwana.

Hajiya_Lokogoma
Ni dai ruwa zan ja muku kunne a kai. Mun sayi gida a wani rukunin gidaje a nan Abuja, gida mai kyau a hoto, ashe tsohuwar hanyar rafi aka cike aka yi gini a kai. Damina na kankama sai mu kwashe kafet mu ɗora kujeru a kan bulo, dare ɗaya ruwa ya kai mana gwiwa a falo, firij ya tafi, takardun yara suka tafi. Wanda ya sayar mana ko waya ya daina ɗauka. Alhaji ka je filinka ana tsakiyar ruwan sama ka tsaya da lema ka ga inda yake bi, dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansa gindinsa zai zubo.

Abu_Tudunwada
Hajiya Allah ya mayar da alheri. Mu ma nan ba mu manta ambaliyar Yulin 2012 ba, Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, an rasa rayuka da dama, kuma yawanci gidajen bakin rafi ne.

Dan_Gangare
Allah ya jiƙansu. Wannan da idona na gani, ba na son tunawa.

Sadiya_Mai_Zane
Amin. Maganar Hajiya ita ce ta sa nake faɗa da shafe fili duka da intalok ko kankare, ruwan bai da inda zai nutse sai ya fita titi ya shiga gidan na ƙasa da kai. A yi kwata a zagaye gindin dutsen a kai ruwan tanki, ga na wanki ga na shuka. Sannan don Allah a Jos a bar wannan yayin na ɓoye rufi a bayan bango, magudanar ruwan rufi ɗaya ta toshe da ganye sai silin ya jiƙe.

Sani_Doka
Ku kuna ta kyau da iska, ba wanda ya yi maganar tsaro. In dutsen na kusa da katanga ai tsani ka ajiye wa ɓarawo, haka reshen bishiya. Kuma wa ya sani ko tsohuwar bishiyar da masu ita 👀

Ngo_Kachollom
Sani masu ita su ne matan da za su zo ɗiban kalwa, na riga na faɗa.

Maman_Haidar
😂😂 Ngo kin gama da shi. Amma ni har yanzu ban ji amsar yara ba, yaro ya hau dutsen da ya fi mutum tsayi ya faɗo fa?

Ummi_Arch
Anti ta gefen da yake da gangara za a yi matakala biyu uku a yi wurin zama, gefen mai tsayi kuma a shuka abu a gindinsa a sa ɗan shinge. Bene ma ai yara na faɗowa a kai ba a fasa yi ba. Akwai wani gida a Amurka da Frank Lloyd Wright ya zana a 1935, a kan magangarar ruwa aka ɗora shi, dutsen wurin ma ya leƙo har cikin falo a gaban murhu, yanzu mutane biya suke su shiga kallo.

Injiniya_Bukuru
Ummi ki ƙarasa labarin mana, gidan ya sha yoyo da danshi, barandarsa ta rinƙa sunkuyawa sai da aka kashe maƙudan kuɗi aka ɗaure ta da wayoyin ƙarfe. Kawunki ba shi da wannan kuɗin. Dutse ya tsaya a tsakar gida, kar ya shigo ɗaki.

Baban_Ilham
Jama'a na gode ƙwarai, ina ta karantawa. An haƙa ramin da Injiniya ya ce, ta gabas an samu ƙasa har ƙasa, ta yamma kuma ba a yi nisa ba diga ta fara tartsatsi, ke nan akwai shimfiɗa ta can. Birkila ya ce wannan ma dalili ne na a fasa, Ummi ta ce dalili ne na a matsar da ginin gabas. Uwargida kuma ta ce ita ba ruwanta da dutse amma duk wanda ya taɓa ɗorawar nan da ita zai yi, can za ta sa murhun waje. Masu filin na je, sun ce bishiyar ta shiga cikin ciniki amma tsohuwarsu na roƙon a bar ta ta ɗiba na bana.

Dillali_Rayfield
Alhaji in ka matsa gabas ina mota za ta tsaya? Ka auna wannan kafin ka kai zane hukumar raya birnin Jos, JMDB, don in an buga hatimi canzawa wani kuɗin ne.

Injiniya_Bukuru
Kuma sokawe da rijiya su ma gabas za su nema tunda can ne ƙasa, sai an ba su tazara mai kyau tsakaninsu. Turo min girman filin da inda dutsen ya faɗo ta inbox in duba. Ɗorawar ma a auna nisanta da fandisho, saiwarta na tafiya.

Dan_Gangare
Ni har yanzu ina kan bakata, a fasa rabin da ya tsaya a hanya a yi gindin gini da shi. Baba Tanko tambaya ta daban, ita makubar nan tana kama bulon siminti kuwa? Akwai katangar da nake son in gwada.

Malam_Tanko_Magini
Ba ta kamawa sosai, jikin ƙasa take so. Kuma yanzu ba lokacinta ba ne, sai ɗorawa ta nuna an sami ɓawo.